Hadari Ya Wuce, Haɗari Bai Wuce Ba

'Yan'uwa manoma, ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce take yi masa jagora. A ƙasar Filato da kudancin Kaduna da kudancin Bauchi, tun watan Afrilu akan fara ganinta, can arewa kuwa sai Mayu ko Yuni. Ita ce take kware rufin kwano, ta karya rassan mangwaro, ta tuge dalbejiya. Ita ce kuma take kayar da falwaya, ta tsinka wayar lantarki ta yar a kan hanya ko a tsakiyar gona.

Kashegari da sassafe kowa ya saɓa fartanya ya fita, gama an yi ruwan shuka, ba wanda yake so a bar shi a baya. Mata sun nufi rafi, yara sun kora awaki, masu shanun noma sun ɗaura garma. Gari bai gama wayewa ba, ƙasa a jiƙe take, yawancinmu kuma ba takalmi. A kan wannan safiya muke so mu yi magana.

Dokar ɗaya ce, kuma gajeriya ce. Kowace waya da ta faɗi, a ɗauka tana da wuta, a tsaya nesa da ita, har ma'aikatan lantarki su zo da kansu su ce sun kashe ta. Amma mun lura dokar da ba a san dalilinta ba, ba ta daɗewa sai a karya ta. Saboda haka bari mu bi dalilan.

"Ai an ɗauke wuta"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace jawo asara a ƙauyukanmu. Mun saba da rashin wuta. Akan yi kwana uku, wani lokaci mako biyu, ƙwan lantarki bai kama ba. Da hadari ya taso kuma, sau da yawa wuta takan tafi tun kafin ɗigon farko. To, mutum ya tashi da safe, gidansa duhu, gidan maƙwabcinsa duhu, ya tarar da waya kwance a hanya. Me zai sa ya ji tsoronta?

Da farko, duhun gidanka bai nuna kome ba game da wayar da take bayan gari. Layukan lantarki iri iri ne. Akwai manyan turakun ƙarfe masu ratsa daji, su ne suke ɗauke da ƙarfin wuta na bolt 330,000 ko 132,000 daga gari zuwa gari. Akwai babban layi mai shigowa ƙauye, galibi wayoyi uku ne a kan sandar gicciye can ƙolin falwaya, mai bolt 33,000 ko 11,000. Shi ne yake shiga taransifoma. Daga taransifoma sai ƙaramin layi ya fito, galibi wayoyi huɗu jere daga sama zuwa ƙasa, shi ne yake kai wa gidaje wuta mai bolt 230 zuwa 240. Idan taransifomar unguwarku ta lalace, ko fis ɗinta ya ƙone, gidajenku duka za su yi duhu, amma babban layin da ya wuce ta gonarku yana nan da wutarsa cif, yana kai wa ƙauyen gaba.

Waɗansu za su ce, ai idan waya ta tsinke, tasha takan yanke wutar da kanta. Gaskiya ne akwai na'ura dominsa. Amma na'urar tana yankewa ne sa'ad da ta ji wuta mai yawa tana zurarewa gaba ɗaya. Waya da ta faɗi a kan fa, ko tsakuwa, ko kwalta, ko ta rataya a reshen itace, takan tsiyayar da wuta kaɗan kaɗan, abin da bai isa na'urar ta ji ba. Amma ya isa ya kashe mutum sau da yawa. Mutanen ƙasar duwatsu su riƙe wannan da kyau.

Ko da an yanke ɗin ma, wanda ya ɗauke wuta shi yake kawo ta, ba ya kuwa aiko manzo. Ma'aikacin da yake tasha mil da yawa daga wurinku bai san waya tana kwance a gonarku ba. Idan iska ta lafa, yakan sāke kunna layin ya gani ko zai riƙe. Waɗansu layuka ma na'ura ce take sāke kunnawa da kanta bayan ɗan lokaci. Wayar da yaro ya taɓa da hantsi ba abin da ya same shi, tana iya kashe ubansa kafin tsakar rana.

Akwai kuma wutar da take fitowa daga gidajenmu. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta daga babban layi zuwa ƙarami, amma idan aka ba ta wuta ta baya, sai ta yi aikin a juye, ta ɗaga shi. Mai shago ko mai injin niƙa da ya haɗa janareta da wayoyin gidansa ba tare da makunnin da yake raba layin gida da layin kamfani ba, yana tura wuta waje bai sani ba. Ta haka waya da kamfani ya kashe takan sāke ɗaukar wuta, ta kama mai wucewa ko ma'aikacin da ya hau gyara. Duk mai janareta ko sola a cikin ƙungiyarmu ya nemi ƙwararren mai aikin lantarki ya duba masa wannan makunni.

Kada kuma a jira alama. Wani lokaci waya takan yi tartsatsi, ta yi ƙara, ta ƙona ciyawa. Sau da yawa kuwa shiru take yi, kamar igiyar da wani ya yar.

Ƙasa ma tana ɗaukar wuta

Nan ne wurin da muke roƙo a karanta a hankali, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Mutane da yawa sun san kada a taɓa waya. Kaɗan ne suka san mutum yana iya mutuwa bai taɓa ta ba.

Mai noman rani ya san ruwa ba ya gudu sai akwai tudu da gangare. Idan fili ɗaya ne, ruwa yakan kwanta. Haka lantarki yake. Ba ya ratsa jiki sai gefe ɗaya na jikin yana "tudu", ɗayan yana "gangare". Shi ya sa tsuntsu yake sauka a kan babban layi ya yi waƙarsa ya tashi lafiya: ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, ba tudu ba gangare. Da zai miƙa fiffike ya taɓa waya ta biyu, ko ƙarfen falwaya, da nan take ya faɗo.

To, sa'ad da waya mai wuta ta taɓa ƙasa, wutar takan bazu cikin ƙasar ta kowace fuska. Daidai inda ta taɓa, nan ne ƙarfin ya fi yawa. A layin bolt 11,000, tsakanin waya ɗaya da ƙasa akwai bolt wajen 6,350. A layin 33,000 kuwa wajen 19,000. Daga nan ƙarfin yana raguwa, yana raguwa, har ya ƙare can nesa. Ku ɗauka wani tsauni ne wanda ido ba ya gani, ƙolinsa a bakin wayar, kuma kusa da ƙolin ne gangaren ya fi tsanani. Mutum ya nufo wurin yana tafiya. Ƙafarsa ta gaba ta hau tudu, ta baya tana gangare. Sai wutar ta sami hanya: ta shiga ta wannan ƙafa, ta fita ta waccan. Iyakar faɗin takunsa, iyakar yawan wutar da za ta bi ta jikinsa. Idan ta buge shi ya faɗi ya miƙe a ƙasa, abin ya ƙara muni, gama yanzu tsawon jikinsa duka ne ya zama hanya, zuciya kuma tana tsakiya.

Ba wuta mai yawa ake bukata ba. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana jan wajen rubu'in amfiya ɗaya. Kashi ɗaya cikin biyar na wannan, idan ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Abin da bai kai haka ba ma yana sa hannu ya ƙanƙame abin da ya kama, mutum ya kasa saki ko yana so. Busasshiyar fata takan ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiyar fata kusan a buɗe take, tana iya barin wuta ta wuce ninki ɗari bisa ga busasshiya. Ku tuna da wa muke magana: manomi ba takalmi, a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da gumi a jiki.

Saboda haka nisan da za a bari tsakanin mutum da wayar da ta faɗi shi ne mita 10, watau wajen yadi 11, ko taki 14 na babban mutum. Idan daga manyan turakun ƙarfe ta faɗo, a bar mita 30. Inda ruwa ya kwanta, kamar fadama ko kududdufi ko lambatu, a ƙara nisa, kada kuma a sa ƙafa cikin ruwan ko kaɗan, ko daga wane gefe.

Idan kuwa mutum ya farga yana kusa, ko ya ji ƙafafunsa suna tsiko kamar ana soka masa ƙaya, kada ya ruga. Gudu shi ne taki mafi faɗi. Ya tsaya, ya haɗa ƙafafunsa, ya juya ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan kaɗan, suna gogar juna, diddigen ɗaya kada ya wuce yatsun ɗayar, har ya fita mita goman nan. Kada ya dogara da sanda ko fartanya, kada ya dafa ƙasa da hannu, kada ya riƙe hannun wani. Abin dariya ne a gani, mun sani. A bar yara su yi dariyar ran da ake koya musu a filin makaranta, gama abin da aka koya da wasa shi ne ake tunawa ran tsoro.

Shanun noma

Abin da muka faɗa game da faɗin taki ya fi shafar dabba. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya na bijimi ya fi takun mutum nesa ba kusa ba, zuciyarsa kuma tana kan hanyar wutar. Saboda haka sa yana iya faɗuwa matacce a wurin da mai korarsa ya ji tsiko kawai. Idan shanu suka turje a hanya bayan hadari, suka ƙi gaba, suna tsalle ba dalili, kada a sa musu bulala. A tsaya a duba sama, a duba ƙasa.

Idan sa ya faɗi, a saki garma nan da nan. Ƙarfe ce, sarƙarta ma ƙarfe ce, igiyar hanci kuma a jiƙe take. Kada a je kwance karkiya domin a ceci ɗayan. Kada kuma a ruga da wuƙa domin a yanka kafin ya mutu a sami na nama. Mun san abin da yake zuciyar mutum a wannan lokaci. Da yawa cikin shanun nan na bashi ne, ba a gama biya ba, ga damina ta kama. Mutum ba san yake gani ba, bashin yake gani. Shi ya sa muke ba kowace ƙungiya shawara ta zauna tun yanzu ta rubuta cikin littafinta cewa ɗan ƙungiya da ya rasa dabba ta wannan hanya ba za a ɗora masa laifi ba, za a ɗaga masa lokacin biya, 'yan'uwa kuma za su yi masa gayya a wannan shekara. Wanda ya san da haka zai iya tsayawa nesa. Sakatare ya ɗauki hoto daga inda yake tsaye, ya rubuta rana da wuri da sunayen shaidu, ya kai wa kamfanin lantarki takarda, ya ajiye kwafi.

A kuma aika wa maƙwabtanmu Fulani labari. Garkensu yakan fita kafin namu, burtali kuwa sau da yawa ƙarƙashin layi yake bi.

Abin da wayar ta taɓa

Duk abin da wayar ta kwanta a kai ya zama waya. Shingen ƙarfe na lambu yana iya kai wuta har ɗaya ƙarshen, inda ba a ko hango falwayar. Haka igiyar shanya ta ƙarfe, da bututun famfo, da igiyar ƙarfen da take riƙe falwaya, da ɗanyen itace. Reshen da iska ta karya abin sha'awa ne ga mai neman itacen girki. Kafin a sa gatari ko a ja shi, a kewaya daga nesa a tabbata ba waya a cikin ganyen. Kwanon da iska ta kware ta liƙa a kan layi, a bar shi can ko sabo ne.

Rufin kwano ya fi duka. Ran 20 ga Afrilu 1917 ba mu da wannan damuwa, gama ciyawa ce rufinmu. Amma shekara ɗari daidai bayan haka, ran 20 ga Afrilu 2017, a birnin Kalaba, babbar waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo na kwano cike da samari, aƙalla mutum 7 suka mutu. Ɗakunan taronmu da rumbunan ƙungiya da ajujuwan makaranta duka kwano ne yanzu. Idan waya ta sauka a kan rufi kuna ciki, kada kowa ya taɓa ƙofar ƙarfe, ko taga, ko bangon kwano. A tsaya tsakiyar ɗaki, a yi kira. Turereniya a bakin ƙofa ita ce take sa mutane su dafa ƙarfe.

Wani abu kuma yakan faru wanda ba a cika sani ba. Babban layi yana sama, ƙarami yana ƙarƙashinsa, sau da yawa a falwaya ɗaya. Idan na sama ya tsinke ya faɗo kan na ƙasa, wutar dubban bolt takan bi wayoyin gida ta shiga ɗakuna. Haka ya faru a unguwar Kabong a Jos cikin Oktoba 2023, da dare, aka rasa rayuka a cikin gidaje. Alamarsa ita ce ƙwai su yi haske fiye da kima su fashe, soket ya yi tartsatsi, a ji ƙauri. A irin wannan lokaci hannu yakan tafi da kansa wajen makunni, ko wajen cire firji da talabijin da salular da take caji. Kada a taɓa ko ɗaya. Kayan sun riga sun tafi. A tattara yara a fita a hankali ba tare da dafa ƙarfe ba, a kuma duba ƙasa kafin a taka waje. Lokacin cire kaya daga soket shi ne sa'ad da aka ga hadari ya haɗo, tun iska ba ta iso ba.

Game da yara, wayar lantarki fara ce mai laushi, ta yi kyau da ƙera mota. Masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna ba da kuɗi a kanta. A gaya musu a fili cewa ɗaukarta laifi ne a doka, amma ba ɗan sanda ne abin tsoro a nan ba.

Idan ta kama mutum

Wannan shi ne mafi wuya, gama ya saɓa wa tarbiyyarmu. An koya mana idan ɗan'uwa ya yi kuka a ruga. Amma mutumin da wuta take riƙe da shi, shi ma ya zama waya, ƙasar da yake kwance a kai kuma tana da wuta. Ta haka ne mutuwar mutum ɗaya takan zama ta uku: yaro ya faɗi, uwa ta ruga ta kama shi, maƙwabci ya ruga ya ja uwar. Aikin farko na wanda ya fi kowa natsuwa a wurin shi ne ya riƙe uwar. Ya riƙe ta da ƙarfi ko tana dukansa.

Da yawa cikinmu an koya mana a makaranta cewa a ture waya da busasshen sanda. Wannan koyarwa domin wutar cikin ɗaki ce, kamar wayar dutsen guga da ta huje, can ma gara a kashe babban makunnin gida tukuna. Ba ta shafi wayar da ta faɗo daga falwaya ba. Kai da kake tsaye ba ka san ko ta wane layi ce ba. Wutar babban layi tana bin itace mai ɗan danshi ko datti, tana ma tsallake 'yar tazara ta iska. Bayan ruwan sama kuwa ina busasshen sanda? Kafin ka isa inda sandan zai kai ma, ka riga ka shiga ƙasar da take da wuta. Takalmin roba na shiga fadama da silifa da safar hannu ta feshi ba a yi su domin wannan ba. Na ma'aikatan lantarki dabam ne, gwada su ake yi.

Abin yi shi ne a sa a kashe layin da sauri. Ɗaya ya kira kamfani, ɗaya ya kira lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ɗaya ya hau babur zuwa ofishin lantarki mafi kusa, saura su tsare hanya. Kada wani "mai gyara" na unguwa ya hau taransifoma ya ce ya cire fis. Cire fis ɗin ƙaramin layi ba ya kashe babban layi.

Sa'ad da ma'aikata suka tabbatar an kashe, sai a je wurinsa. Idan ba ya amsawa, ba ya numfashi sosai, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a bisa, a riƙa dannawa da ƙarfi, ƙirjin yana shiga wajen inci 2, sau 100 zuwa 120 a minti. Idan mai yi ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya. Idan yana numfashi amma bai farfaɗo ba, a juya shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko ruwa ko manja. Madara ba ta fitar da lantarki, gama ba abin da ya rage a jiki da za a fitar, mutumin da ya suma kuwa yana iya shaƙe ta. Binne shi cikin yashi ma ɓata lokaci ne. Inda ya ƙone a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi wajen minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki, ban da toka.

Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar. Ƙunar lantarki kamar gara take: a waje ɗan tabo ne a tafin hannu da wani a ƙafa, ɓarnar tana ciki. Zuciya tana iya rikicewa daga baya. Idan fitsarinsa ya yi duhu, a gaya wa likita nan da nan, alama ce naman jiki ya ƙone yana wahal da ƙoda.

A cikin mota ko tarakta

Idan waya ta faɗo kan motar da kuke ciki, ko tarakta, ko a-kori-kura mai kai taki, a zauna ciki. Direba ya hana kowa sauka, ya danna ham, ya gaya wa masu zuwa taimako su tsaya nesa. Haɗarin yana wurin sauka, sa'ad da hannu yake riƙe da ƙofa ƙafa kuma ta taɓa ƙasa. Sai fa idan motar ta kama da wuta. A nan sai mutum ya tsaya a bakin ƙofa, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya yi ɗan tsalle ya dira da ƙafafu biyu a haɗe, ba ya taɓa motar, sa'an nan ya ja ƙafa kamar yadda muka faɗa. Kada a miƙa wa na ƙasa jariri ko kaya daga cikin motar.

Aikin ƙungiya kafin ruwa ya sauka

Har yanzu bakinmu ya saba da cewa 'yan NEPA, ko da yake NEPA da aka kafa a 1972 ta zama PHCN a 2005, a 2013 kuma aka danƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Na Jos shi ne mai kula da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai. Na Kaduna yana da Kaduna, Kabi, Sakkwato da Zamfara. Na Yola yana da Adamawa, Taraba, Barno da Yobe. Na Kano yana da Kano, Katsina da Jigawa, na Abuja kuma ya haɗa da Neja, Nasarawa da Kogi. Sakatare ya je ofishinsu mafi kusa ya karɓo lambar ofis da ta ma'aikacin da yake kula da layinku. A rubuta su da alli ko fenti a bangon rumbun ƙungiya, a ba mai unguwa da shugaban makaranta, a kuma karanta su cikin sanarwa ran Lahadi. Mai kira ya faɗi sunan ƙauye, da wurin, da lambar falwaya idan ana iya karanta ta daga nesa, ya ce waya tana ƙasa. Kada kowa ya ɗauka wani ya riga ya kira.

Kafin su iso, wani lokaci kwana ɗaya ko fiye, wurin yana hannunmu. A tare hanya ta kowane gefe da ƙaya ko duwatsu ko jan ƙyalle, can bayan mita goman. A sa manya biyu su yi tsaro suna canji, musamman da asuba da lokacin tashin 'yan makaranta.

Mutum biyu ko uku su bi layin da ya ratsa gonakinmu tun da rani, da takarda a hannu. Falwayar itace da gara ta ci, ko ƙunar daji ta cinye gindinta. Ta siminti da ta tsage ƙarfe ya fito. Wadda zaizaya ta tone. Waya da ta yi ciki har mai ɗauke da dami zai iya taɓa ta: duka a rubuta a kai ofis. Waɗansu laifofin namu ne. Mukan yi huɗa har gindin falwaya, mu tone igiyar da take riƙe ta domin ta tsare mana kunya ɗaya, mu ɗaure mata jaki. Ka'idar ƙasa ta ce a bar fili mita 11 a ƙarƙashin layin bolt 11,000 da na 33,000, watau mita biyar da rabi kowane gefe. Mita 30 ga na 132,000. Mita 50 ga na 330,000. Cikin wannan fili ba gini, ba rumfa, ba dogon itace. Turare da malaina da muke dasawa domin itacen rufi suna saurin tsawo, a nisanta su fiye da haka, yadda ko sun faɗi ba za su kai layi ba. Wanda ya riga ya girma har rassansa suna gogar waya, kada ɗan ƙungiya ya hau shi da adda. A nemi kamfani ya kashe layin, a sa rana, a sare shi suna tsaye.